Jar Waya da Koriya

Bahago ɗan dako ne a gidan sanyi, inda ake ajiye kifi da kaji a daskare. Tun yana saurayi yake wannan aiki, har ya yi aure ya haifi 'yan mata biyu. Mota za ta tsaya, a buɗe ɗakin ƙanƙara, ka saɓa kwali, ka fito cikin rana, ka koma cikin sanyi, haka har a tashi. Da kafaɗar hagu yake ɗauka, shi ya sa laƙabin ya bi shi har ya danne sunansa. Yanzu gwiwoyinsa sun fara ƙara idan zai miƙe, da safe kuma sai matarsa ta gasa masa baya da ruwan zafi kafin ya iya sunkuyawa ya sa takalmi.

Wata rana injin sanyin ya tsaya, kifi ya fara zufa a cikin kwalaye. Manaja ya kira mai gyaran lantarki. Sai ga wani siririn mutum da 'yar jaka da riga fes. Ya buɗe akwatin wuta, ya ɗan taɓa nan ya taɓa can da mitarsa ta awon wuta, ya canza wani abu da bai fi akwatin ashana ba, inji ya tashi. Manajan da bai taɓa amsa gaisuwar 'yan dako da baki ba, shi ne ya kawo masa lemo da hannunsa, ya raka shi har bakin ƙofa. Bahago ya bi mutumin waje ya tambaye shi inda ya koya.

"Makarantar koyon sana'a," in ji mai gyaran. "Shekara biyu, da yamma da ƙarshen mako. Ka fito da satifiket ɗin lantarki, ka nemi kamfanin wuta ko babbar masana'anta. Amma fa da tsada, kada in ruɗe ka."

Da ya kai wa matarsa maganar, tana kan keken ɗinki, ba ta ɗago ba sai da ta kai ƙarshen layi.

"Baban yara, kuɗin makarantar ba shi ne abin tsorona ba," ta ce. "Da yamma kake samun aikin ƙari, da shi muke biyan haya. In ka tafi aji, wa zai ɗauki kwalin? Ga kuɗin mota, ga kayan aiki. Ai sau biyu za mu biya, abin da zai fita da abin da ba zai shigo ba."

"To in zauna har gwiwa ta kwantar da ni?"

Ita ke gasa bayan, ta san gaskiya ya faɗa. Ta ce, "Je ka gaya wa Yaya."

Yaya ita ce babbar yayarsa, ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Mijinta ya rasu, tana riƙe da kanta da firiza biyu a ɗakinta na gaba, tana sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi. Ta saurare shi har ya gama, ta ce, "Auta, tun kana yaro ba rediyon da ya kwana lafiya a gidanmu, sai ka kwance shi. Gara ka kwance na mutane a biya ka." Kafin mako ya zagayo ta sayar da babbar firizar, ta ɗaure kuɗin a leda ta miƙa masa. Ya ce bashi ne, zai biya. Ta ce ya yi mata shiru.

A aji shi ne babba. Samarin suka sa masa Kawu, suna ba shi kujerar gaba wai don kada idon tsufa ya cuce shi. Bai damu ba, don a lissafi duk ya fi su. Watannin farko duk a takarda aka yi su, zane da lissafi a farin allo da baƙin alƙalami. Yakan fito daga ɗakin ƙanƙara hannu a sanƙare, ya hau mota, ya isa aji yana warin kifi, ya zauna ya ci jarrabawa. A gida nama ya ɗauke daga tukunya, aka mayar da babbar yarinyar wata makaranta mai arha, matarsa ta fara karɓar ɗinkin kayan makaranta a sari, wanda ribarsa ba ta kai ciwon idonsa ba. Duk da haka akwai dariya a ɗakin. In kwan fitila ya mutu sai ta ce, "Injiniya, a taimaka wa talakawa."

Sai aka shiga ɗakin gwaji. Malamin aikin hannu dattijo ne mai kaurin tabarau, babban yatsansa na dama ya ƙone tun da daɗewa ya lanƙwashe. Ya ɗaga wayoyi uku ya ce, "Ja ita ce mai wuta. Baƙa ita ce hanyar komawa. Koriya ita ce ta tsaro, ita ake ɗaurawa a jikin ƙarfen inji, in wuta ta ɓalle ta bi ta nan ta shige ƙasa maimakon ta bi ta jikin mutum. Wanda ya haɗa ja a gurbin koriya ya mayar da injin tarko."

Aka raba musu allunan katako su haɗa soket. Bahago ya gama da wuri, aikinsa tsaf, ba gashin waya ko ɗaya a waje. Malamin ya duba, ya dube shi.

"Kwance ka sake."

Ya sake, wannan karon daidai. Washegari ya kuma yin kuskuren. Samari suka ce Kawu yunwa ce, a kawo masa burodi. Malamin bai yi dariya ba. Da aka tashi ya tsayar da shi, ya zube guntayen wayoyi a tebur ya ce ya ware masa jajaye. Bahago ya ware. A cikin tarin da ya tura gaba akwai koraye da yawa, kuma shi a idonsa duk ɗaya suke, wasu dai sun ɗan fi wasu duhu.

Malamin ya jawo wani ɗan littafi daga aljihun tebur, kowane shafi cike da ɗigo-ɗigo. "Wace lamba ka gani?"

A shafin farko ya gani. A sauran, ɗigo kawai.

"Ba lamba a nan, Malam."

"Akwai. Idonka ba ya raba ja da kore. Da shi aka haife ka, ba ciwo ba ne, ba shi da magani kuma."

Bahago ya zauna ba tare da an ce ya zauna ba. Abubuwa suka riƙa dawo masa. Yadda matarsa ta hana shi sayen tumatir don kullum sai ya kawo ɗanye. Yadda take ajiye masa kayan da zai sa a bakin gado. Fitilar kan titi, da ya san ta sama ita ce tsaya, ta ƙasa ita ce wuce, bai taɓa tunanin wasu wani abu suke gani daban ba. Duk rayuwarsa ana ce masa ba shi da lura, shi ma ya yarda haka ne.

"To yanzu ya ke nan, Malam?"

"Gaskiya zan gaya maka. Takardar za ka samu, kanka yana ja, kuma da mita za ka iya gane kowace waya in ka bi a hankali. Aikin da kake hange ne ba za ka samu ba. Kamfanin wuta da manyan masana'antu sai sun gwada ido kafin su ɗauka. Da ni ne a ofishin ɗaukar ɗalibai, da wannan littafin zan fara nuna wa mutum kafin in karɓi kuɗinsa. Na faɗa har na gaji."

Bahago ya je ofishin kuɗi. Akawun ya ce abin da aka biya an biya, ba a mayarwa, ya kuma tuna masa cewa na shekara ta biyu ya kusa.

Kwana da kwanaki bai gaya wa kowa ba, sai da matarsa ta ritsa shi ta ce ko dai wata ce a waje ko kuma an kore shi, ya zaɓi ɗaya. Da ta ji, ta zare hannu daga keke ta ɗora a ka. Ranar hutu suka tafi wurin Yaya tare. Suka zauna a ɗakin gaba, ƙaramar firizar tana gurnani, gefenta ga shatin babbar a siminti, wurin ya fi sauran ɗakin haske.

"Yaya, ni dai a ganina a tsaya haka," in ji matar. "Abin da ya tafi ya tafi. In ya koma aikin yamma, cikin shekara mu farfaɗo. In muka ƙara zuba na shekara guda a kan aikin da aka ce ba za a ba shi ba, me muka yi ke nan?"

"Mu tsaya da me a hannu?" in ji Yaya. "Rabin satifiket? Wa ke sayen rabi? Firizata ta tafi a banza ke nan, ya koma ɗaukar kifi har ya gurgunce?"

"Ko ya gama ba za ta dawo ba, Yaya."

"Ke yarinya ce. Malami ɗaya ya yi magana duk kun rikice. Shi ne ke raba arziki? Mutum nawa ke aiki da ido ɗaya ma?" Ta juya ga ƙanenta. "Auta, kai me ka ce? Ka yi tsuru kamar ba a kanka ake yi ba."

Bahago ya san matarsa ce ke da gaskiya. Amma ya dubi shatin nan na siminti, ya tuna samarin ajinsu, ya tuna 'yan dakon da tuni suke kiransa Injiniya suna sara masa da kwali a kafaɗa. Ya ce, "Zan ƙarasa."

Kuɗin shekara ta biyu, 'yan kunnen matarsa na zinariya ne suka tafi, da rancen da ya ci a wurin aiki ana cira a albashi.

Ya ƙarasa, da sakamako mai kyau kuwa. Ya koyi auna kowace waya da mita kafin ya taɓa ta, ya manna mata salatif, ɗauri ɗaya ja, ɗauri biyu koriya. Yaya ta sa aka yi wa satifiket ɗin gilashi. Da kamfanin wuta ya buɗe ɗaukar ma'aikata ya nema, ya ci jarrabawar rubutu, ya ci ta baki, aka ba shi ranar gwajin lafiya.

Matarsa, wadda ta ce a tsaya, ita ce ta nemo hotunan shafukan ɗigon nan a wayarta. Ta riƙa karanta masa lambobin yana haddacewa bi da bi. Ƙaramar 'yarsu ta leƙo ta ce, "Baba, ga shi nan fa ɓaro-ɓaro, shida!" ta kwashe da dariya, tana tsammanin wasa yake mata. Shi ma ya yi dariyar.

A asibitin kamfanin, jini lafiya, ƙirji lafiya, kunne lafiya. Nas ɗin ta ɗauko littafin, ta buɗe shi daga tsakiya. Ya faɗi lambar da ya haddace ta shafi na biyu. Ta buɗe wani, ya faɗi ta uku. Ta rufe littafin a hankali.

"Malam, ba kai ne na farko ba," ta ce. "Na ga masu haddacewa da yawa. Ba mugunta ba ce, ranka da na abokan aikinka ake tsarewa."

"Ki taimaka, 'yar'uwa. Da mita nake aiki, ban taɓa..."

"Ko na rufa maka asiri, akwai gwajin waya a gaba. Ka yi haƙuri."

Masana'antu biyu da ya nema bayan nan, duk a gwajin ido aka tsaya. A gidan sanyi kuwa an riga an ba wani aikin yammansa, gwiwar ma ta ƙi. A ƙarshe wani ɗan kwangila mai haɗa wutar shaguna da ƙananan gidaje ya ɗauke shi. Bai tambayi ido ba, satifiket ɗin kawai ya karɓa ya yi hotonsa.

"Kai nake nema," in ji ɗan kwangilar. "Yarana duk sun iya aiki, amma ba mai takarda, kuma yanzu ba a ba da babban aiki sai an ga takarda. Za mu ci arziki tare."

Arzikin bai iso wurin Bahago ba. A kan aiki ake biya, ba a wata ba, shi kuwa auna kowace waya yana cin lokaci. Inda wani zai gama shago uku, shi biyu yake gamawa. In an haɗa shi da abokin aiki yakan ce, "Miƙo min jar nan," kamar hannunsa ne ba ya kaiwa, sai ya manna mata salatif. Ba wanda ya gane. Ɗan kwangila dai yana ce masa Hawainiya.

Ranar da abin ya faru, an tura shi shi kaɗai wani shagon wanki da guga a tsohon gini. Mai shagon mace ce mai fara'a, ta sayi sabon injin wanki tana son a ja mata soket kusa da famfo. Ta nuna masa wurin ta tafi karɓo kayan wani otal. Ya buɗe tsohon akwatin da ke bango, ya sami wayoyi uku sun sha ƙura da hayaƙi. Baƙar ya gane ta. Sauran biyun kamar tagwaye. Ya ɗora mita, ba komai, ashe an ɗauke wuta a unguwar. Akwai wata hanyar ganewa, amma sai ya bi wayar har babban akwati a bayan ginin, mai makullin kuma ba ya nan. Ya goge wayoyin da yawu ya fito da su bakin haske. Ɗaya ta ɗan fi duhu. A sababbin wayoyi, ja ce ke fi masa duhu.

Ɗan kwangila ya iso da mota yana danna ham. "Soket ɗaya tun safe? Akwai gida guda yana jiranmu, fito mu tafi!"

Bahago ya leƙa titi. Akwai mai shagon wayar salula a gefe, akwai mata biyu a tsaye suna jiran mota. Kowannensu zai iya gaya masa da kallo ɗaya. Ya ji nauyin ya tsaya da jakar aiki a kafaɗa yana tambayar mutanen titi kalar waya, a gaban maigidansa. Ya ɗaura mai duhun a gurbin wuta, ya rufe, ya ce a ransa gobe da sassafe zai biyo ya auna.

Da yamma aka kawo wuta. Mai wankin ta jona injin, ya ƙi tashi. Tana tsaye a jiƙaƙƙen siminti ba takalmi, ta kama murfin ƙarfen da hannun dama don ta duba. Mai shagon salular ne ya ji faɗuwar bokiti, ya zo ya doke filogin da sandar mofa.

Ba ta mutu ba. Tafin hannun ya ƙone har ciki, yatsu uku suka ƙandare, likita ya ce da wuya su sake lanƙwasuwa. Bahago ya je asibiti ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin, ya ga hannun a naɗe an rataye shi sama. Ta gane shi. Ba ta zage shi ba, cewa kawai ta yi, "Mai wuta, da wanne zan riƙe dutsen guga?" Mijinta ya tashi ya rufe ƙofar.

Ɗan kwangila ya shiga ya fita aka kashe maganar ba a kai ga hukuma ba. Ya biya asibiti, ya ba mijin wani abu. Sannan ya kira Bahago cikin mota ya tambaye shi yadda mai satifiket zai yi wannan aika-aika. Bahago ya gaya masa gaskiya.

"Makaho na ɗauka ashe," in ji ɗan kwangilar. "To ji nan. Abin da na kashe, a aikinka zan riƙa cira. Ba kuma za ka tafi ba sai ka gama biya. Takardarka tana cikin wani aiki da nake nema, in ka janye ta, ni da kaina zan kai ka inda na hana a kai ka."

Yaya da ta ji labari ta zo gidan, ta zauna a bakin gado ba ta cire mayafi ba. Ta ce, "Ni na tura ka." Ya ce ba ita ta ɗaura wayar ba. Ta ce tana da sauran ƙaramar firizar. Matarsa ta ce, "Wallahi Yaya ba za ki sayar ba. Ya isa haka." Wannan karon ba wanda ya yi mata musu.

Ɗan kwangila ya sami aikin da yake nema, ya sayi sabuwar mota. Bahago yana nan tare da shi, abin da ke zuwa hannunsa bayan an cire bai kai na dako ba. Shagon wankin an rufe shi, yanzu wani ke sayar da taya a wurin, kuma Bahago yakan sauka daga mota tun kafin layin ya zaga ta baya.

Kunyar tambaya dai ta fita daga ransa. Kwanan baya aka tura shi wani gida gyaran fanka. Yana kan tsani, ya jawo wayoyi biyu daga silin, ya auna su da mita, ya sake aunawa, sannan ya kira maigidan da ke zaune yana kallon talabijin.

"Ranka ya daɗe, don Allah wannan wace kala ce?"

Maigidan ya ɗago. "Ni kake tambaya? Ba kai aka ce min kana da satifiket ba?"

"Ina da shi. Wace kala ce?"

"Ja ce mana."

"Wannan fa?"

"Koriya. Kai, lafiya kuwa?"

"Na gode," in ji Bahago. Ya ciro salatif ya yi wa ta farkon ɗauri ɗaya. Maigidan ya rage ƙarar talabijin, ya kira 'ya'yansa ya ce su fita tsakar gida har a gama.